Mu tashi mu ceci tashar jirgin ƙasa ta Nguru

Jama'a, duk wanda ya san Nguru ya san layin dogo ne ya ɗaga ta. A 1930 layin da ya taso daga Kano, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya zo ya tsaya a nan. Daga Nguru babu gaba, don haka gyaɗa da ƙaro da fatu da kiraga da shanun ƙasar Bade da yammacin Borno duk nan ake tara su, a auna a sikeli, 'yan dako su loda a tarago sai Ikko. Kasuwa ta cika, baƙi daga kudu suka zo aikin reluwe da fatauci, wasunsu jikokinsu na garin har yau.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke zaune muna cewa idan jirgi ya dawo komai zai gyaru. Sababbin layukan da ake shimfiɗawa, irin na Kano zuwa Maraɗi, faɗinsu ya fi na tsohon layi, tashoshinsu ma sababbi ne fil. Ba wanda zai zo ya gyara mana tsohon gini saboda su. Kafin nan kwanon rufi na ruɓewa, 'yan gwangwan kuma ba sa barci, kowa na jin labarin yadda ake kwance ƙarafunan layin dogo a sassan Arewa.

A Ebute Metta ta Legas, wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy ta gyara tsohon gidan reluwe na Jaekel, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Mu me ya hana mu? Masarauta da ƙaramar hukuma da attajiran gari su nemi izinin hukumar jiragen ƙasa, a toshe yoyo, a sa mai gadi, a adana tagar sayar da tikiti da duk wani sikeli ko littafin lissafin kaya da ya saura.

Na fi jin tsoro a kan dattawan. Tsoffin leburori da masu juya layi, waɗanda suka san jirgi tun yana cin kwal, kullum raguwa suke, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Matasanmu masu waya a hannu, ku je ku gaishe su, ku ɗauki muryarsu tun suna iya ba da labari.