Jirgi ya ga babur da bindiga, amma bai san mai riƙe da su ba

Duk lokacin da jirgin yaƙi ya saki bam a Zamfara, gardama iri ɗaya ce ke tashi tsakaninmu 'yan gida mazauna Jamus. Wasu su ce a ƙona dajin kowa ya huta, wasu su ce a koma sulhu. Ni ban ga laifin amfani da ƙarfi ba. An gwada sulhu a 2019, sace mutane da harajin noma ba su tsaya ba. Wanda ya kwana a daji da 'ya'yansa a Dansadau ba ya buƙatar wa'azin haƙuri daga wanda ke Turai. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake yanke shawarar sakin bam ɗin.

Kafin a kai hari ta sama akwai aikin da ba a tsallakewa. Labari ya zo, a tabbatar da shi ta wata hanya daban. Jirgi mara matuƙi ya daɗe yana kallon wurin, a ga masu shiga da fita, a ga ko akwai mata a bakin rijiya ko ranar kasuwa ce. A auna nauyin bam da nisan gidaje. Lauyan soja ya duba, sannan kwamanda ya sa hannu. Sashe na 57 na ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 kan dokokin yaƙi ya ce ko an fara harin, in ta bayyana fararen hula ne, a dakatar. Mu kuma mun riga Turawa: Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya kada ta kashe mace, yaro ko tsoho, kada ma ta sare itace mai 'ya'ya.

A wurin tantancewa ake faɗuwa. Daga sama, 'yan sa-kai da suka bi sawun ɓarayin shanu da 'yan bindigar da ake bi duk kamanninsu ɗaya: babura, mutum biyu ko uku a kai, bindiga a kafaɗa. Haka aka yi a Tungar Kara a Janairun 2025, aka kashe aƙalla mutum 16, yawancinsu masu kare garinsu ne. Kafin nan ga Mutumji a Disambar 2022, ga Tudun Biri ta Kaduna a Disambar 2023, inda mutum fiye da 80 suka mutu a taron Mauludi. Gwamnatin jiha ce ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, wato rundunar 'yan gari masu tsaron al'umma, a 2024. To me zai hana kowane shugabansu riƙe rediyon da ke haɗe kai tsaye da ɗakin da ke ba matuƙi umarni? Kada a fita bin sawu sai an faɗa wa ɗakin ƙauye, hanya da yawan babura.

Kada a ɗauka Jamus ba ta yi irin wannan ba. A Satumbar 2009, Kanar Georg Klein ya sa aka jefa bam kan tankokin mai biyu da Taliban suka ƙwace kusa da Kunduz a Afganistan. Mutanen ƙauye ne suka taru ɗibar mai, kusan 100 suka mutu. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, babban hafsan soja ya sauka, Franz Josef Jung da ke ministan tsaro lokacin harin ya bar gwamnati, aka ba kowane gida dala 5,000. Kuɗin ya yi kaɗan, kuma Klein bai ga kurkuku ba, ƙarin girma ma ya samu daga baya. Wannan bai yi min daɗi ba. Amma an san sunan wanda ya ba da umarni, an san abin da ya gani da abin da ya tsallake.

A gida fa? Jaje, buhunan shinkafa, alkawarin bincike. Matar da aka bari da marayu a Tungar Kara tana da haƙƙin diyya, tana kuma da haƙƙin a karanta mata rahoton da Hausa: wa ya kawo labarin, minti nawa aka kalli wurin, wa ya ce a saki.