A buɗe giyabos ɗin tukuna, Oga

To, ga shi nan an sake sauke giyabos ɗin. Ku da kuka ga hoton Golf ɗin ƙanena a kan jak makon jiya kuna ta yi mana Allah ya kyauta, ku ci gaba da addu'ar. Giyabos ɗin Beljiyam da aka ɗaura masa, wanda aka rantse mana cewa "kamar yau ya fito daga kamfani", ko Zariya bai kai ya dawo ba ya fara tofar da giya ta biyar. Kana tafe, sandar giya ta yi tsalle ta koma furi da kanta. Shi kuwa tsohon da aka yanke wa hukuncin mutuwa, wanda laifinsa ɗaya ne, ƙara idan za a shiga ta biyu, yana can bayan gareji a yashe, ko noti ɗaya ba a kwance a jikinsa ba.

Ba a buɗe shi ba! Wannan ne ya tsaya min a wuya, ba kuɗin ba. Oga ya zagaya da motar sau ɗaya, ya dawo ya kashe, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, giyabos ya tafi, sai dai a samo wani." Masha Allah. Mun samu waliyyai a gareji, masu ganin cikin ƙarfe ta bayan murfi.

Jama'a, giyabos irin wanda ake sa giya da hannu ba aljani ba ne. Babu kwamfuta a cikinsa. Shaf ne guda biyu, da giyoyi masu haƙora, da boris, da zoben tagulla da ake kira sinkiro wanda ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, da fok mai tura su, da sil mai tare mai. Kowanne a cikinsu yana da irin kukansa idan ya gaji. Ƙara wajen shiga ta biyu, galibi zoben sinkiron nan ne ya cinye, kuma shi ne yake fara gajiya don ta biyu ta fi kowace shan wahala a cikin gari. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudun mota, boris ne. Idan mota tana tsaye tana kuka, ka taka kuloci kukan ya ɗauke, ka nemi boris ɗin shaf na gaba. Idan kuma sai ka taka ne kukan yake tashi, to wannan boris ɗin kuloci ne, bai ma shafi cikin giyabos ba. Idan duk giyoyin sun yi tauri har ribas tana ƙara, kuloci ne bai saki ba. Idan sandar tana yawo a hannunka ba ka gane ta ɗaya da ta uku, bushin na roba ne a sandunan da ke ƙarƙashin mota, abin da bai kai kuɗin cika tanki ba. Nawa ne cikin waɗannan ke buƙatar a zubar da giyabos ɗungurungum? Amma duk wanda ka kai, amsar ɗaya ce: a samo Beljiyam.

Shi Beljiyam ɗin, ku tsaya mu yi lissafi. Golf 3 an fara ƙera ta a 1991, aka daina a 1997, wagon ɗinta ta ɗan ja zuwa 1999. Ke nan duk giyabos ɗinta da ke cikin shago a Kofar Ruwa, ko Panteka, ko Ladipo, ya haura shekara 25 a duniya. Sa'an naka ne, wataƙila ma yayansa. Ba ya zuwa da mita a jikinsa balle ka san tafiyar da ya yi. Ba ka san ko motar haɗari ta yi aka cire shi ba, ko kuwa shi kansa ne dalilin da ya sa Bature ya yar da ita. An wanke shi da kananzir yana ƙyalli, mai shago ya juya maka shaf da hannu ya ce ka ji babu ƙara. Da hannu fa! Abin da inji zai juya sau dubu uku a minti da mutum shida da buhun masara a baya. Cinikin biri a sama ke nan, kuma kai ne ka biya kuɗin mota aka kawo maka shi.

Akwai ma abin da ba a faɗa maka. A jikin kowane giyabos na Volkswagen akwai haruffa da aka buga, su ne ke nuna irin lissafin haƙoransa, don na motar dizal daban, na fetur daban. Waye yake dubawa? In dai ramukan noti sun hau, an gama. Sai ka ga mota ta dawo ba ta da ƙarfin tashi, ko tana ihu a kan babban titi, a ce maka ai sai ta saba.

Na san za ku ce Beljiyam ya fi araha. Wannan zancen da ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma kwantenar da ke sauka Apapa ba da addu'a ake biyanta ba. Kai kana nan da lissafin zamanin da ake sayen Golf da kuɗin babur. Wani zai ce kayan gyaran jabu ne. To, ashe kasuwar da ba ka yarda da boris ɗinta ba, wanda za ka riƙe a hannu ka juya ka karanta sunan kamfani, ita ce ka yarda ta ba ka giyabos a rufe? Ku bar ni don Allah. Wani kuma zai ce motar haya ce, ba ta iya kwana uku a gareji. Wannan na ji, talaka yana da uzuri. Ɗaura Beljiyam ɗin ka ci gaba da nema, amma ka ɗauki naka a buɗe a gyara ka ajiye, don ranarsa tana zuwa. Kada ka bar shi a ce za a rage maka wani abu. Ka taɓa tambayar kanka, idan har ba ya gyaruwa, me ya sa ake rububin karɓarsa? Ina yake zuwa? Kuma a cikin masu ƙyallin nan na shago, ka tabbata duka sun taɓa hawa jirgin ruwa?

Ban ce kowane giyabos yana gyaruwa ba, kada wani ya zo ya cika min kunne. Idan jikinsa ya tsage, ko haƙora sun farfashe sun bi sun ɓata sauran, a nemo wani. Su kansu na Golf ɗin nan an san su da wani ciwo, ƙusoshin da ke riƙe babbar giyar difa, mai raba ƙarfi ga tayoyi, sukan tsinke su huda jikin giyabos ɗin daga ciki, mai ya tsiyaye. Wannan ya wuce gyaran zobe. Amma ta yaya ka sani? Ka juye mai a roba mai tsabta ka duba. Idan yana walƙiya kamar garin zinariya, tagullar sinkiro ce. Idan guntayen ƙarfe ka tarar, magana ta yi nisa. Sannan a buɗe, a shimfiɗa, a nuna maka da idonka. Bayan nan duk hukuncin da aka yanke na yarda da shi.

Gaskiya abin yana ba ni tausayi fiye da haushi. Na taso na ga tsofaffin kanikawan Peugeot, mutanen zamanin da kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 yake fitar da 504. Mutum zai share wuri, ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan cikin giyabos ɗaya bayan ɗaya yadda ya ciro su, yara suna tsugune suna kallo, ba mai tari. Ya auna, ya canza abin da ya ci, ya mayar, motar ta ƙara shekaru tana zuwa Maiduguri. Yau yaro zai yi shekara biyar a gareji a yaye shi da walima, bai taɓa ganin cikin giyabos ba. Ya iya saukewa, ya iya ɗaurawa. Mu ma masu motoci da namu laifin. Za mu ƙirga dubban ɗaruruwa mu miƙa wa mai shago ba gardama, amma bakanike ya ce kuɗin aikinsa na kwana biyu kaza ne, sai mu ce "haba Oga, don ɗan zoben nan?" To me zai sa ya sayi fula mai zare boris da injin matse shi, ya yini yana aune-aune, alhali ɗaurin Beljiyam aikin yini ɗaya ne ga kuma la'adarsa tana jira? Mu muka koya musu. Duk da haka, Oga, ka buɗe. Ka faɗi kuɗinka mu yi ciniki, amma ka buɗe.

Kuma ko an gyara ko an canza, wane mai ake zubawa? Giyabos ɗin Golf wajen lita biyu yake ci, mai ɗauke da alamar GL-4, don wani man GL-5 ɗin ba ya shiri da tagulla. Mu kuwa abin da ya rage a galan shi ake ɗurawa, wani ma mai kaurin nan na manyan motoci don ya ɓoye ƙara. Sil yana ɗiga wata da watanni ba a kula, ita kuwa giya ta biyar tana can ƙarshe cikin murfinta daban, ita ke fara jin ƙishi.

Ga direbobi kuma. Hannu a kan sandar giya tun daga tasha, ƙafa a kan kuloci kamar an gada. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma sai wata sabuwa ta ƙaru, da an ga gangare a saki mota a furi, wasu har su kashe inji wai ana tattalin fetur. Inji a kashe, bayan taku biyu ko uku birki ya zama dutse, mota mai sitiyarin mai kuma sitiyarin ya yi nauyi. Wanda ya ɗauko mu daga Jos kwanaki haka ya yi mana a gangaren Hawan Kibo, wata tsohuwa a baya tana ta salati, shi yana cin rake. Idan cikinku akwai wanda ya san shi, Sharon ce ja mai fasasshen gilashin baya, ku gaya masa har yanzu yana riƙe da canjina.