In ƙwallo ta daki zobe, a bar 'yan wasa su kwashe ta

Masu kallon ƙwallon kwando, ku zo mu yi magana kan dokar hana gadin kwando. Rabinta ina tare da ita ɗari bisa ɗari, ɗaya rabin kuma ina ganin lokaci ya yi da NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, za ta jefar da shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba: idan ɗan wasa ya jefa ƙwallo, kana da damar ka doke ta muddin tana kan hawa sama. Da zarar ta juyo ƙasa, tana saman zobe kuma da alamar za ta iya shiga, to hannunka ya haramta gare ta. Haka ma in ta riga ta daki allo tana saman zoben. Ka taɓa ta, alƙalin wasa zai ba abokan hamayya makinsu 2 ko 3 kamar ta shiga.

Ba haka kawai aka wayi gari da wannan doka ba. A farkon shekarun 1940 jami'o'in Amurka suka samu dogaye biyu, George Mikan na DePaul mai ƙafa 6 da inci 10, da Bob Kurland na Oklahoma A&M wanda ya kai kusan ƙafa 7. Zoben yana ƙafa 10 daga ƙasa, wato mita 3.05. Sai su tsaya a ƙarƙashinsa, duk ƙwallon da ta nufo su yi tsalle su kaɗe ta. Gajere ya kwana yana koyon saiti, dogo ya ɓata masa aikin da hannu ɗaya. A 1944 hukumar wasannin jami'o'i ta haramta hakan, kuma wallahi ta kyauta. Ba don haka ba, da yau ba mu san Stephen Curry, gwanin jifa daga nesa, ba.

Kuma dokar ba ta kashe tsaron baya ba, gyara shi ta yi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya tare ƙwallo sau 3,830 a NBA, har yau ba wanda ya kamo shi a kundin gasar. Duk a cikin wannan doka ya yi su. Dole ya karanci mai jifa, ya tashi a daidai lokacin, ya riski ƙwallon kafin ta juyo. Wannan gwaninta ce, tsawo kaɗai ba ya ba da ita.

Inda na raba gari da NBA shi ne bayan ƙwallo ta daki zobe. A can, an ƙaddara wai akwai wani bututu da ba a gani, ya tashi daga zoben ya miƙe sama. Matuƙar wani ɓangare na ƙwallon yana cikinsa, ba mai tsaro ba mai kai hari, kowa ya janye hannu. A dokar FIBA kuwa, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda ake bi a Olamfik da gasar cin kofin duniya da gasar BAL ta Afirka, da ta taɓa zobe shi ke nan, mai tsaro ya share ta, mai hari ya danna ta ciki. Wanda ya riga kai hannu shi ke da ita.

Don Allah yaya alƙalin da ke tsaye a ƙasa, a gefe, zai auna layin da babu shi, a cikin ƙiftawar ido? Ko abin da ake gani ƙiri-ƙiri yana kuɓuce musu. Ku tuna Fabrairun 2020, Portland da Utah, saura daƙiƙoƙi a tashi. Damian Lillard na Portland ya ɗora ƙwallo a allo, Rudy Gobert na Utah ya doke ta bayan ta taɓa allon. Alƙalai uku, ba wanda ya busa. Da yake ba a busa ba, doka ba ta ba su damar komawa bidiyo ba. Utah ta ci 117 da 114, daga baya alƙalan suka amsa cewa sun yi kuskure. Lillard ya ci maki 42 a daren, ya fita cikin ɓacin rai. To in allo da ake gani ya gagara, ina ga bututun iska?

Na san abin da za a ce: 'yan NBA sun fi kowa tsalle, in aka sakar musu mara irin su Victor Wembanyama, dogon ɗan wasan Faransa, za su riƙa share komai, maki su ragu. Ni ban ga aibu a nan ba. Ƙwallon da aka saita da kyau ba ta tsayawa rawa a kan zobe, wucewa take. Wadda ta tsaya tana tangaɗi ai ba ta gama cancantar maki ba, a bar ƙarfi da hanzari su raba gardama. Gobert ɗin da Wembanyama duk a ƙarƙashin dokar FIBA suka kai Faransa wasan ƙarshe a Olamfik ta 2024 a Paris, kuma Amurka ce ta yi nasara, wasan bai lalace ba.

Abin da ya fi damuna ma yaranmu ne. NBA suke kallo a waya, amma gasanninmu na gida dokar FIBA suke bi. Sai ka ga dogon yaro ya tsaya yana kallon ƙwallo tana juyi a kan zobe, yana tsoron busa, alhali halalinsa ce ya kaɗe ta. Masu horarwa, ku zaunar da su ku bambance musu dokokin nan biyu tun kafin su je gasa.