Wanda ya daɗe yana kallon akuya

Duk wanda ya taɓa zama da fensir zai zana akuya ya san sai an yi haƙuri. Sai ka shafe awa guda kana lura da yadda take kaɗa kunne, da yadda baƙin idonta yake a kwance, ba zagayayye irin namu ba. Kafin ka tashi, ta daina zama tsoka da ƙashi a wurinka. A ganina wannan dogon kallon ne ke kai wasu masu fasaha ga barin nama da nono da ƙwai, har da zuma, rayuwar da Turawa ke kira vegan.

Kalmar ba ta tsufa ba. Donald Watson, malamin koyar da aikin katako a Ingila, shi ya ƙirƙiro ta a 1944, lokacin da suka kafa ƙungiyar Vegan Society. Yana yaro ya ga an yanka alade a gonar danginsu, abin ya tsaya masa a rai. Ya bar nama yana ɗan shekara 14, ya rasu a 2005 yana da 95.

Amma wanda ya fi jan hankalina ya riga shi da ƙarni tara: Abul Ala'il Ma'arri, mawaƙin Sham da ya rasu a 1057. Ya ƙaurace wa nama da kifi da nono da ƙwai da zuma. Hujjarsa ita ce uwa don ɗanta ta kawo nono, ƙudan zuma kuma ba don ya yi wa wani kyauta ya tara ba. Har wani babban malamin Fatimiyawa masu mulkin Masar a lokacin, Al-Mu'ayyad, ya riƙa aiko masa da wasiƙu yana neman dalili. Abin mamaki, Ma'arri makaho ne tun yana ƙarami, agana ce ta tafi da idanunsa. Ashe kallon ba sai da ido ba.

Mai zanen da ya ɗauki wannan hanya a yau, ba a tukunya kaɗai yake canji ba. Buroshinsa na iya zama gashin alade. Akwai jan launin da ake samu daga wani ƙwaro, akwai baƙin da ake yi da ƙonannen ƙashi, akwai gam na fatar zomo da ake shafa wa ƙyallen zane. Duk sai ya nemi madadinsu.

Ni dai ban bi su ba, kuma ba na shirin bi. Addini ya halatta nama, layya ibada ce. Fasaharmu ma kanta a kan fata ta tsaya: ina kalangu in babu fata, ina dukawan Kano in babu jar akuyar Sakkwato? Ga sinadarin B12, bitamin da ake samu a nama da nono da ƙwai, wanda duk mai wannan rayuwa sai ya nemo shi a ƙwaya ko a abincin da aka ƙara wa.

Sai dai ba na yi musu dariya, don akwai abin da suka gani da mu muka saba da shi har muka daina gani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Mu kuwa sai a cusa shanu a tirela daga Potiskum zuwa Legas, ƙaho na sukar ciki, wadda ta faɗi a tattake ta. Ranar kasuwar da ta wuce na ga mai babur ya ɗaure kaji sun fi ashirin, kawunansu a ƙasa, ɗaya bakinta a buɗe dab da salansa mai zafi. Na bi shi da ido har ya sha kwana, ban ce masa komai ba.