Wa ya ce ka canja mata bidiyo?

Kwana uku ina jiran mai majigin nan ya fito ya ba da haƙuri. Bai fito ba. Jiya ma sai na ga ya ɗora hotunan daren yana cewa wai shi ya raya wurin. To, tunda abin ya zama haka, bari ni in yi magana. Waɗanda suka je wasan kiɗan dogon amo na ranar Asabar sun ga abin da ya faru, waɗanda ba su je ba na san labari ya iske su. Abin da aka yi wa baiwar Allah nan da ta yi kiɗan cin fuska ne, kuma ba ni da wani sunan da zan laƙaba masa ban da wannan.

Wata huɗu ta yi tana gina kiɗan minti 45. Amo guda take ja da na'urarta, ta bar shi ya zauna, can ta ɗora masa wani dab da shi. Bidiyon da ta kawo ita ta ɗauka da hannunta: ruwa ne da aka zuba a kan siminti yana bushewa, ɗauka ɗaya, babu yanka. Tun da yamma ta miƙa maka shi, Malam, ta ce ka danna ka bar shi. Iyakar aikinka ke nan. Minti bakwai da farawa ka leƙa fuskokin mutane, ka yanke hukunci kai kaɗai cewa sun gundura, ka cire nata ka saka naka. Zobba suna fashewa, ja da kore da fari suna wulgawa a bango kamar ana tallan sabuwar waya. Ita tana duƙe a kan na'ura, bangon yana bayanta. Ba ta san wainar da ake toyawa ba sai da ta ga haske yana tsalle a bayan hannunta.

Wa ya aike ka?

Maganata guda ce, kuma zan yi ta nanata ta har ta shiga. A kiɗan dogon amo, wanda ake kira dron, hoton da ke bango yanki ne na kiɗan, kuma tafiyarsa tafiyar kiɗan ce. Ba a kawo majigi don ya ceci jama'a daga abin da suka zo ji ba. Duk wanda ya zauna bayan majigi yana ganin shi ne ɗan agaji, ya tashi ya ba wani kujerar.

Kai da kake cewa babu abin da ke faruwa a kiɗan, matso in gaya maka abin da ke faruwa. Idan aka saki sauti mai girgiza sau 100 a daƙiƙa, aka haɗa shi da wani mai girgiza sau 103, kunne ba ya raba su biyu. Abin da yake ji sauti ɗaya ne da ke kumbura yana sacewa sau uku a kowace daƙiƙa, wato gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Ka sauko da na biyun zuwa 101, bugun ya koma sau ɗaya a daƙiƙa, kamar zuciyar mutumin da ke hutawa. Ka daidaita su cif, bugun ya ɓace, ɗaki ya yi lum. Babu gangar da ta fitar da wannan bugu, haɗuwar amo biyun ce ta haife shi. Shi take murɗawa da yatsu biyu duk tsawon daren, tana rage shi kaɗan-kaɗan a cikin rubu'in awa. Kunne ba ya kama irin wannan sai hankali ya kwanta. Ido kuwa ya fi kunne kwaɗayi. Ka ba shi abu mai tsalle, nan take zai kwashe hankali ya tafi da shi, ƙwaƙwalwa kuma ta shiga ƙoƙarin haɗa walƙiyar bango da sautin da take ji. Hoton da ke canjawa sau biyu a daƙiƙa kiɗa ne. Ka ɗora mata kiɗan da ba nata ba a kan nata, ya danne shi.

Ƙaramin ɗaki kuma yana da nasa aikin, shi ya sa ma ake yin wannan abu a ƙananan wurare. Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka amo mai girgiza sau 50 tsawon zangonsa ya kusa mita 7. A ɗakin da bai fi haka ba, sautin yana dukan bango ya dawo ya haɗu da kansa. A wani gurbin ya ninka har ka ji shi a ƙirji, ka yi taku biyu gaba ya kusa ɓacewa. Mutumin da ka gani ya karkata kai, ya matsa kusa da ginshiƙi, ya tsaya cik, gurbin yake nema. Matar da ta rufe ido sauraro take yi. Ka ga mutum talatin sun yi tsit ka ɗauka wuri ya mutu, alhali a wannan kiɗa shirun nan shi ne tafi.

Ido ma lokaci yake so. Kafin ya gama sabawa da duhu yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. Ta san da haka, shi ya sa bidiyonta ya fara dishi-dishi, da ƙyar ake ganin jiƙar. Gefen ruwan yana ja da baya ta yadda ba za ka taɓa kama shi yana motsi ba, sai ka ɗauke kai ka dawo ka tarar ya matsa. Haka amon nata yake, ba ka jin lokacin da ya sauya, sai dai ka farga ya riga ya sauya. Abu biyun tare aka yi musu awo. Farin haske guda mai ƙarfi ya isa ya mayar da ido baya, kai kuwa ɗaruruwa ka watsa. Garin gyaran gira ka tsone ido.

Kada wani ya zo min da zancen wai sabon salo ne, kowa lalube yake yi, babu ƙa'ida. Phill Niblock, wanda ya rasu a Janairun 2024 yana da shekara 90, ya kwashe shekaru gommai yana wannan aiki a benensa na titin Centre a New York. Kiɗansa katanga ce ta amo, sautuka masu yawa da suka yi kusa da juna ƙwarai, ana sakinsu da ƙarfin gaske. A gefe guda majigi suna haska finafinan da ya ɗauka tun daga shekarun 1970 a ƙasashe irin su Meziko da Peru da Sin da Japan. Me ke ciki? Mutane suna aiki. Masunta, manoma, masu saƙa. Doguwar ɗauka, sau da yawa hannu da jiki kake gani, ba a damu da fuska ba. Bai ɗaure hoton da kiɗan su riƙa taku ɗaya ba, kowanne hanyarsa yake bi, amma dukansu sun yarda da maimaici, sun yarda da jinkiri. Duk shekara a watan Disamba, a daren da ya fi kowanne tsawo, yakan yi wasan awa shida. Awa shida, jama'a! Kai minti bakwai suka gagare ka.

Makaɗi La Monte Young da matarsa Marian Zazeela kuma tun 1993 suka buɗe Dream House ɗinsu a wani bene na titin Church, a birnin dai. Amo ne daga na'ura da ba ya yankewa, da haske mai launin shunayya, da wasu 'yan siffofi rataye da iskar ɗaki ke juyawa a hankali suna jefa inuwa masu launi a bango. Iyakar motsin ke nan. Mutum ya shiga, ya zauna ko ya kwanta, ya tashi lokacin da ya ga dama. Babu wanda aka ajiye da maɓalli yana gadin kada baƙi su gundura.

Na karanta uzurorin da ake ta kawo masa a ƙarƙashin hotunan. Wai ai mutum biyu sun fita. Su fita mana, ƙofa a buɗe take. A kowane wasa irin wannan akan sami masu fita, kuma makaɗan sun san da haka tun kafin su haɗa wayoyinsu. Wanda ya fita ya zaɓar wa kansa, kai kuwa ka zaɓar wa mutum ashirin da takwas da suka zauna ba tare da ka tambaye su ba.

Wai mai wurin yana so jama'a su riƙa dawowa. Su dawo su ga me? Wanda ya zo don dogon amo ya koma da takaici, wanda yake son walƙiya da rawa yana da wurare ɗari da suka fi ku iya ta. Kun saki na hannu kun kama na guje.

Wai shi ma mai fasaha ne, yana da nasa ra'ayin. Ya nemi nasa daren, a buga sunansa a sanarwa, mu zo mu gani. Akwai masu haɗa hoto kai tsaye da manhajojin kwamfuta irin su TouchDesigner ko Resolume yayin da makaɗi ke aiki, kuma idan aka yi shi da kyau abu ne mai ratsa jiki. Amma waɗannan zama suke yi da makaɗin, su gwada, su sake gwadawa, su san inda za a ƙara da inda za a ja hannu. Da ita ta ce ka yi, da babu wanda zai ji bakina. Ba ta ce ba.

Masu cewa dron ba kiɗa ba ne, ƙugin inji ne, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Su je su tambayi mawaƙan gargajiyar Indiya dalilin da ya sa tanpura, abin kiɗansu mai tsirkiya, ke ƙugi a bayansu daga farkon zama har ƙarshensa.

Sai abin da ya wuce maganar fasaha, wanda shi ne ya hana ni barci ranar. Hasken da ke ƙyaftawa fiye da sau uku a daƙiƙa yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, musamman ja mai ƙarfi, kuma a ƙaramin ɗaki mai duhu inda bango ya cika ido haɗarin ya fi yawa. Shi ya sa ake manna gargaɗi a ƙofa. Tony Conrad, wanda ya yi dogon amo da gogen Turawa tare da Young a shekarun 1960, da ya yi fim ɗinsa na walƙiya zalla a 1966, gargaɗi ya fara sakawa kafin komai. Sanarwar ranar Asabar ba ta ɗauke da gargaɗi saboda bidiyonta babu walƙiya a ciki. Ka san lafiyar duk wanda ke ɗakin? Allah ne ya tsare.

Ƙanwata, idan kina karanta wannan, na ga lokacin da hannunki ya tsaya. Na ɗauka za ki kashe na'urar ki tashi, kuma da kin yi haka babu mai ganin laifinki. Sai kika sunkuyar da kai kika ci gaba. Ni rufe ido na yi, na ga wasu ma sun yi haka. Wajen minti na talatin, lokacin da bugun nan ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har ya tsaya, sai na ji kamar an sauke min wani kaya daga ƙirji, kayan da ban ma san ina ɗauke da shi ba. Abin da kika gina ya iso gare mu duk da abin da aka yi masa. Amma rabinsa muka samu, kuma ina son in ga ruwan nan ya bushe har ƙarshe. Ki sake yi. Ni zan zauna bayan majigin, in danna sau ɗaya, in naɗe hannu.

Af, tunda maganar majigi ake, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Fankarsa. A ƙaramin ɗaki, idan kiɗan ya sauko ƙasa sosai, ita ake ji, kuma tana da nata amon da sau da yawa ba ya shiri da na makaɗi. Haka ƙugin wutar lantarki da ke shiga lasifika, wanda yake sau 50 a daƙiƙa a Turai, sau 60 a Amurka. Young ya sha faɗin cewa cikin sautukan farko da suka zauna masa a kunne yana yaro a jihar Idaho akwai iska da ke busawa ta ramukan gidansu na katako da ƙugin na'urorin lantarki, kuma daga baya ya riƙa daidaita kiɗansa da wannan 60 ɗin maimakon ya yi faɗa da ita. Na gwada haka da fankar majigi, amma tana ƙara gudu idan fitilar ta yi zafi, amon ya zame. Na kuma gwada saka shi a akwati mai soso a ciki, bai yi rabin awa ba ya ɗau zafi ya kashe kansa. Abin da ya rage shi ne a kai shi bayan ƙofa a haska ta gilashi, sai dai wayar HDMI mai kai hoto zuwa majigi idan ta yi tsawo sosai hoton yakan riƙa ɗaukewa. Duk wanda ya taɓa haɗa akwatin da ke danne ƙarar kuma iska tana shiga, don Allah ya turo min hoton cikinsa, ina so in ga ta ina ya fitar da zafin.