Ku fara shiga asibiti kafin ku nemi gurbin likitanci

Ƙannena da ke karatun sakandare a Amurka, da ku nake, musamman masu shirin neman tsarin nan da ake kira BS/MD, mai haɗa digirin farko da na likitanci a shiri ɗaya. A hanyar da aka saba, ɗalibi kan yi shekara 4 yana digirin farko, ya zauna jarrabawar shiga likitanci da ake kira MCAT, sannan ya nemi makarantar likitanci ta wasu shekara 4. Shi kuwa wannan tsarin, tun kana ɗan shekara 17 ko 18 ake ajiye maka kujerar likitanci, muddin ka riƙe makin da aka gindaya maka. Jami'ar Brown shekara 8 take yin nata, kuma ba ta neman MCAT. Ta Missouri da ke Kansas City shekara 6 ce. A unguwar Harlem ta birnin New York ma akwai shirin Sophie Davis na jami'ar CUNY, wanda ya fi karkata ga samar da likitocin da za su yi wa unguwannin talakawa aiki. Guraben kaɗan ne ƙwarai, kuma da yawansu sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku ke cike fom alhali ba su taɓa wuni ɗaya kusa da gadon mara lafiya ba. Na san inda abin ya samo asali. Iyayenmu sun saba da tsarin gida, inda yaro zai ci JAMB da maki mai yawa, ya shiga MBBS a Zariya ko Kano, ya yi shekara 6, ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe hannun majinyaci. Sai su ɗauka maki kawai ya isa a nan ma. Bai isa ba. Kusan duk wanda ya nema yana da maki irin naka ko fiye. Abin da masu tantancewa ke son ji a rubutunka da kuma ranar intabiyu shi ne: me ka gani da idonka har ka yarda ka ɗaure rayuwarka ga wannan aiki tun yanzu? Wanda ya amsa da cewa yana son taimakon mutane kuma yana son kimiyya, sun ji irinsa har sun gaji.

Kuma tambayar don amfaninka ce. Likitanci akwai warin ciwo, akwai jini da amai, akwai tsayuwa gaban uwa a faɗa mata ɗanta ya cika. Bayan digiri ma da sauran shekara 3 zuwa 7 na horon ƙwarewa. Gara ka gane zuciyarka ba za ta ɗauka ba kana aji 11, da ka gane bayan bashin karatu ya hau kanka.

To me za ka yi? Asibitoci da yawa na ɗaukar matasa aikin sa kai, kodayake sai an duba rigakafinka an yi maka gwajin tarin fuka, don haka ka nema da wuri. Gidajen kula da tsofaffi sun fi saurin buɗe ƙofa, kuma a can ake koyon haƙuri. Bin likita kana kallon aikinsa ya fi wuya ga wanda bai kai 18 ba saboda dokar sirrin marasa lafiya, amma ka tambayi likitan gidanku, ko wani likita ko nas da kuke salla tare.

Kada kuma ka raina abin da ke hannunka. Idan kai ne ke raka Hajiya asibiti kana yi mata tafinta, kana auna wa Baba sukari, kana lura da lokacin maganinsa, wannan jinya ce ta gaske, kuma ka san abin da da yawa daga masu nema ba su sani ba: yadda tsoho ke gyaɗa kai gaban likita alhali bai fahimci komai ba. Rubuta shi yadda ya faru. Amma don Allah kada ka ƙirƙiro awannin da ba ka yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya biyu a intabiyu ta isa ta tona ka, kuma aikin amana kake nema.

Idan Nuwamba ta ƙarato, lokacin da wasu makarantun ke rufe karɓar takardu, kuma ba ka da komai, ka zauna da iyayenka ka yi musu bayani cikin ladabi. Mafi yawan likitocin Amurka ta doguwar hanya suka bi. Ka shiga jami'a, ka yi horon masu agajin gaggawa na motar asibiti ko ka sami aiki a ƙaramin asibiti, sannan ka nemi likitanci da abin faɗa a bakinka.