Kyanwata da bakin Kawu

Tunda Dogo ya riga ya baza labarin, gara ku ji daga bakin mai shi, don rabin abin da ya faɗa ƙari ne. Ban yi kuka ba. Hasken waya ne ya sa idona ya kawo ruwa.

Kun dai san ni da zane tun muna firamare, bayan littafin lissafina duk fuskokin malamai ne, na sha duka a kai ban daddara ba. Bana ne na karanta cewa Charles Schulz, mai zanen barkwancin jarida da ake kira Peanuts a Amurka, ya ɗauki kusan shekara hamsin, daga 1950 zuwa 2000, yana zana abinsa da hannunsa, har guda 17,897. Wannan ya kashe mini jiki. Wanda ya farfaɗo da ni shi ne Randall Munroe mai zanen barkwancin intanet da ake kira xkcd, wanda tun 2005 mutanensa kai da'ira ne, jiki tsinke, ko ido ba su da shi, kuma duniya tana karantawa. Na ce in dai tsinke ya ci kasuwa, ni da na iya zana hanci zaman me nake yi? Ga shi intanet ba ta da edita da zai ce maka je ka ka dawo. Na sauke manhajar zane ta ibisPaint a waya, na sayi ɗan alƙalamin da ake rubutu da shi a kan gilashi, na yanke shawarar tauraruwata kyanwa ce mai raina mutane, zanen kuma gida huɗu, wato hotuna huɗu a jere: biyu na shimfiɗa, na uku a karkata zance, na huɗu a yi dariya.

Gida na huɗun ne ya ƙi. So nake kyanwar ta kishingiɗa a kujera kamar mutum, wuya ya karye gefe, baki a sake. Kwana uku ina fama, duk wadda na zana sai ta fito kamar mota ta taka ta. Can na tuna akwai hoton Kawu a wayata, wanda Auta ta ɗauke shi yana barci a kujerar nan tasa. Wallahi zaman da nake nema ke nan, ba ragi ba ƙari.

To a manhajar zane akwai abin da ake kira leya, kamar takardu ne masu shara-shara da ake jerawa wani kan wani. Ka sa hoto a ta ƙasa, ka rage masa kauri ya dushe, ka bi layinsa a ta sama. Kowane mai zane yana yi, kada wani ya kalle ni. Idan ka gama, akwai ɗan hoton ido a gefen leyar, ka taɓa shi ta ɓace, sannan ka fitar da zanenka. Taɓawa ɗaya ce. Ita ce ban yi ba. Ƙarfe ɗaya na dare ne, na rage hasken waya, ban ga komai ba, na ɗora, na tura wa kowa da kowa har da zauren danginmu na WhatsApp, na kwanta ina jin kaina wani.

Abin da kyanwar take cewa a kumfar maganarta kuwa: ni ba barci nake ba, tunani nake. Kun san mai wannan magana.

Da safe Yaya ya kira, bai amsa gaisuwata ba, ya ce Kawu na nemanka yanzu.

Na tarar da falo cike. Inna, Yaya da matarsa, Auta tana ta kallon silin kamar ba ita ta ɗauki hoton ba, sai Dogo. Har yau ban san me Dogo yake yi a wurin ba. Ba danginmu ba ne, ba ya cikin zauren, amma ga shi a hannun kujerar Kawu, shi ke riƙe da wayar. Wannan Dogon shi ne wanda a aji huɗu na zana doki ya ɗaga wa 'yan aji ya ce ku zo ku ga tebur mai wutsiya. Sunan ya bi ni har sakandare. Shi ne kuma ashe ya fara zuƙo hoton, don Yaya ya rantse da farko kowa ya ɗauka inuwa ce na yi wa kyanwar, har matarsa ta yaba. Mutum lafiyarsa ƙalau ya ga zanen kyanwa, me zai kai shi zuƙowa? Ya yi sikirinshot, ya ƙara haske, ya zagaye wurin da jan layi. Ni da na goge abin da ƙarfe bakwai, aikin banza na yi.

Kawu ya gyara gilashi ya ce, matso ɗana. Na matsa. Dogo ya buɗe yatsu biyu a kan gilashin wayar a hankali, kamar mai buɗe labule. Kunnen kyanwa ya wuce, gashin baki ya wuce, sai ga hular Kawu a tsakanin kunnuwan, sai ga bakinsa a buɗe daidai cikin bakin kyanwar, har haƙorin nan guda ɗaya. Ban taɓa sanin na iya bin layi haka ba. Falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai matar Yaya da ta cusa mayafi a baki kafaɗunta na rawa.

Na ce Kawu ka yi haƙuri, kuskure ne.

Ya ce bar wannan tukuna. Ita wannan dabbar mece ce?

Na ce kyanwa ce, Kawu.

Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa Inna. Inna ta nisantar da wayar daga idonta ta ce ita dai ta ɗauka akuya ce. Yaya ya ce shi jemage ya gani, saboda kunnuwan. Aka shiga muhawara a kaina ina tsaye, kamar ba na wurin. Da a kan hotonsa Kawu ya zage ni da na fi jin daɗi, wallahi. Sai ya ƙirga yatsun da farcensa ya ce, huɗu? Na ce haka ake yi a zanen barkwanci, biyar suna cushe hannu, ko Mickey Mouse huɗu gare shi. Ya ce to shi wannan ɗin ɓera ne, ni kuma kawunka ne, biyar Allah ya ba ni. Nan matar Yaya ta tashi ta fita da gudu.

Sannan ya ce in gaya masa me ya kai ni wannan sana'a. Ni kuma da wauta na ɗauka tambaya ce ta gaske. Na gyara tsayuwa na fara. Na ce tun ina yaro idan abu ya ba ni haushi ba na iya faɗa, sai na zana shi nake samun sauƙi. Na ce akwai abin da zane ke faɗa a gida huɗu wanda shafi goma na rubutu ba zai faɗa ba. Na kawo Schulz da shekarunsa hamsin, na kawo mutanen Koriya ta Kudu da suka mayar da zane dogo daga sama zuwa ƙasa don mai waya ya riƙa ja da babban yatsa, har na fara jin muryata tana mini daɗi. Ina cikin bayanin tazarar da ake bari tsakanin gida da gida, cewa a nan mai karatu yake cike abin da ba a zana ba, sai na lura ba wanda ke kallona. Kowa Kawu yake kallo. Wuya ya karye gefe, baki a sake. Daidai gida na huɗu.

Dogo ya ɗaga wayarsa zai ɗauka, Inna ta buge masa hannu. Ƙarar ce ta tayar da Kawu, ya gyara hula ya ce ina jin ka, ci gaba. Ban ci gaba ba.

Hukuncin dai shi ne in zana shi sosai, a tsaye, ido biyu, yatsu biyar. Sati biyu ke nan hannun ya gagare ni, na maida shi cikin aljihu ya ce bai yarda ba. Kyanwa kuma na fitar da ta biyu, mutum goma sha ɗaya suka gani, uku sun tambaye ni wa ke ƙarƙashi. Alƙalamin ma yana hannun Dogo, wai ya ara zai gwada wani abu.